Kula da haƙora da dasashi bayan wankin haƙori mai zurfi

Wankin haƙori mai zurfi shi ne wanda likita yake shiga ƙarƙashin dasashi ya kankare dattin da ya daskare a jikin saiwar haƙori, sannan ya goge saiwar ta yi santsi domin dasashi ya sake manne mata. Wanda aka yi wa wannan aiki a Garwa, Marwa ko Njamena zai koma gida da dasashi mai rauni, kuma warkewarsa ta dogara ga yadda ya kula da bakinsa a makonnin da ke biye.

Idan an yi allurar kashe zafi, kada a ci komai sai leɓe da harshe sun dawo daidai, domin mutum yana iya cizon kansa bai sani ba. A kwana biyu na farko a tsaya ga abinci mai laushi: kunun da ya huce, kindirmo, dafaffen ƙwai, ayaba, ko tuwo da miyar kuɓewa marar yaji. Kilishi da tsire da soyayyar gyaɗa da rake da goro duk a jingine su na kusan mako guda, saboda ɓarɓashinsu yana shigewa inda aka kankare, barkono kuma yana ƙara raɗaɗi. Shayi ma, wanda da wuya a yi zaman hira a Chadi babu shi, a bari ya huce tukuna, a kuma rage masa sukari. Taba kuwa, ta sha ko ta gari, ita ce ta fi jinkirta warkewar dasashi.

Daga washegari a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, a kurkure baki a hankali sau uku a rana. Haka ma wajen alwala, a kurkure ba da ƙarfi ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mutum ya ga ɗan jini a tofinsa, sai ya daina goge baki gaba ɗaya. Ɗan jini na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, amma barin datti ya sake taruwa yana mayar da aikin likita baya. A goge safe da dare da buroshi mai laushi da man goge baki mai fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, a karkata gashin buroshin zuwa bakin dasashi, ana juya shi sannu sannu. Mai amfani da asuwaki ya tauna kansa ya yi laushi sosai kafin ya kai shi kusa da dasashi, gawayi da toka kuma a bar su, domin suna cinye fatar haƙori.

Haƙora za su yi tsami idan ruwan sanyi ya taɓa su, wani lokaci har makonni. Za a kuma iya ganin giɓi tsakaninsu inda a da babu. Likita bai ɓata haƙoran ba. Datti da kumburi ne suka toshe wurin, yanzu sun kau. Farasitamol ya isa ga ciwon, asfirin kuwa a guje shi domin yana ƙara zubar jini, sai dai wanda likita ya ɗora a kansa kada ya daina sai da izininsa. Idan likita ya rubuta ruwan kurkure baki na kulohezidin, mai kashe ƙwayoyin cuta, a tsaya a kwanakin da aka rubuta, domin daɗewa a kansa yana rina haƙora.

Jinin da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, mugunya ko kumburin da ke ƙaruwa suna bukatar komawa asibiti nan take. Ko babu ɗaya daga cikinsu, a koma bayan mako 4 zuwa 6 likita ya auna yadda dasashi ya kama, musamman mai ciwon sukari, wanda rauninsa ya fi jinkirin warkewa.