Ka goge faifan rumbun bayanai a girgije? Kurakuran da ke ƙara ɓarna

Dannawa ɗaya ce. Shafi ya tsaya cak, ka leƙa allon sarrafawa na girgije, wato sabobin da kake haya ta intanet, faifan da rumbun bayanai yake kai babu shi. Abin da za ka yi a awar farko shi ya fi komai nauyi, kuma a nan ne gaggawa take kayar da mutane.

Kuskuren farko shi ne barin manhaja tana aiki. Wasu tsare-tsaren, kamar Kubernetes mai tafiyar da manhajoji a kan sabobi, suna iya ƙirƙiro sabon faifai fanko, manhaja ta ci gaba da rubuta sabbin bayanai a kai. Sai ka wayi gari da tarihi biyu da ba su haɗu ba, haɗa su kuwa jan aiki ne. Dakatar da rubutu tukuna, ko da masu amfani za su yi ƙorafi.

Na biyu ya fi ci mini rai: taɓa rumbun madadi. Idan kana da sabar ta biyu da ke kwafar ta farko, goge faifai bai shafe ta ba, watakila ma ita ce ke riƙe da bayanai mafi sabunta. Kada ka ce za ka sake daidaita ta da babbar. Ware ta gefe, ka ɗauki hoton faifanta (snapshot, wato kwafin duk abin da ke kansa a wannan lokacin), sannan ka yi tunanin ɗora ta a matsayin babba.

Akwai masu zaman jiran kamfanin girgijen ya dawo musu da faifan. Ka rubuta musu nan take, ka ba su lambar faifan da lokacin da aka goge shi, amma kada ka kwanta a kan haka. Ka nemi hoton faifai na ƙarshe, ka duba yankin da kake, domin a AWS, girgijen kamfanin Amazon, hotunan suna zaune ne a yankin da aka ɗauke su, mutum ya sha cewa babu alhali a wani yanki yake dubawa.

Idan ka samu, ka maido shi a sabon faifai, kada ka ɗora kan abin da ya rage. Hoton jiya da dare bai san cinikin safiyar yau ba. Cike giɓin sai da kundin sauye-sauye, wanda ake kira WAL a manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL ko binlog a ta MySQL, in dai an ajiye shi a wani wuri daban. Ka ƙirga layukan manyan tebura, ka duba kwanan watan shigarwar ƙarshe kafin ka buɗe wa jama'a.

A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a dandalinsa, ya goge bayanan babban rumbunsu bisa kuskure. Da aka waiwayi ajiyar ko-ta-kwana ta pg_dump, kayan aikin da ke kwafe rumbun PostgreSQL, ashe ba ta aiki ba tare da an lura ba. Wani hoto da aka ɗauka kusan awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan waɗannan awannin kuma suka tafi. Don haka da zarar ƙura ta lafa, ka kunna kariyar gogewa, ka duba DeleteOnTermination (saitin AWS da ke goge faifai tare da sabarsa idan an goge ta) a kan kowane faifai, ka kuma sa ranar da za ka gwada maido da ajiyarka a wata sabar ta gwaji.