Shawara ga sabbin masu ɗaukar hoto

Salam 'yan uwa, don Allah ku daina barin kyamara a oto kullum, wato tana saita komai da kanta. Abu uku ke juya haske: ISO (yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske), saurin shata (tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga) da buɗewar lens (girman ƙofar da haske ke shiga, ana rubuta ta da f/). Da rana ku bar ISO a 100, in kuka kai shi 3200 hoton sai ya fito kamar an watsa masa yashi. In a hannu kuke ɗauka kar saurin shata ya gaza 1/125 na sakan don kar hoto ya girgiza, babbar buɗewa kamar f/1.8 kuma ita ke dusashe abin da ke bayan mutum, amma in jama'a ne ku rage buɗewar zuwa f/8. Ni dai wallahi hasken taga na fi so, ko dab da faɗuwar rana. Tsakar rana kam ku ja mutum inuwa.