Kafin ka fara integiral mai ∞, tsaya tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman 'yan aji biyu na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke fama da kalkulas ga jarrabawa ta matso.

In ka ga integiral na ln x/(1+x²) daga 0 zuwa ∞, kada ka ɓata takarda wajen neman asalin fankishin ɗin (antiderivative), ba zai fito da sauƙi ba. Ka raba shi gida biyu a x = 1, wato 0 zuwa 1 da kuma 1 zuwa ∞. A ɓangaren 1 zuwa ∞ ka sa x = 1/u. Sai ln x ya koma −ln u, dx ya zama −du/u², iyakokin kuma su dawo 1 zuwa 0; in ka juya su zuwa 0 zuwa 1, alamar − ta dx ta tafi. Abin da zai fito maka ɓangaren farko ne sak, alama kawai ta juya. Suka cinye juna, amsa 0.

Amma fa sai kowane ɓangare yana da ƙima tsayayya kafin ka soke su. A nan ɗaya kusan −0.916 ne, ɗayan 0.916, don haka ba laifi.

Wallahi gaggawa ce ke kayar da mu. Ni kaina na taɓa lissafa 1/x² daga −1 zuwa 1 na samu −2, alhali fankishin ɗin bai taɓa sauka ƙasa da sifili ba. A x = 0 yake fashewa zuwa ∞, ban duba ba.