Sabar gidanka na mutuwa haka kawai? Ga yadda ake gano bakin zaren

Sabar da ke juya fitilu, makullai da na'urorin auna zafi a gida takan yi kwana biyar tana aiki lafiya ƙalau, sai a wayi gari fitila ba ta amsawa, shafin Home Assistant, manhajar da ke sarrafa na'urorin, ya ƙi buɗewa. A zare filogi a mayar, komai ya dawo daidai. Wannan zarewa da gaggawa ita ke jawo a yi wata guda ana laluben abu ɗaya, domin tana goge shaidar da za ta nuna abin da ya faru. Kafin ka taɓa filogi, ka fara sanin wace irin mutuwa ce.

Daga wata kwamfutar ka aika wa sabar `ping`, umarnin da ke gwada ko tana amsawa. In ta amsa, ka shiga ta SSH, hanyar ba ta umarni daga nesa, ka buga `uptime`, mai nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne. Idan ta nuna mintuna kaɗan, injin ne ya kashe kansa ya tashi, kuma zargi ya fi karkata ga wuta. Idan ta nuna kwanaki, injin yana raye, manhajar ce ta faɗi. Idan `ping` bai samu amsa ba, ka jona allo ta HDMI da madannai. Allon da ke amsa rubutu yana nufin hanyar sadarwa ce ta yanke. Allon da ya daskare, ko ya cika da rubutun kuskure, ka ɗauke shi hoto da waya kafin ka kashe, domin sau da yawa wannan rubutun ba ya samun shiga faifai.

Rajistar da ta tsira daga mutuwar

Abin da kake nema shi ne layukan ƙarshe kafin faɗuwar a cikin rajista, wato bayanin da injin ke rubutawa kan abin da ke faruwa a cikinsa. A Linux mai systemd, `journalctl -b -1 -e` yana nuna ƙarshen rajistar tashin da ya gabata, `journalctl -k -b -1` kuma na ƙwayar tsarin, wato kernel, kaɗai. In ya ce babu komai, rajistar tana zaune a RAM ne, tana bin wuta ta tafi. Ka buɗe `/etc/systemd/journald.conf`, ka sa `Storage=persistent`, ka sake kunna injin, sannan ka jira faɗuwa ta gaba. A Home Assistant OS kuwa `ha host logs --boot -1` ke yin wannan aikin.

Rajistar da ta katse a tsakiyar aiki ba tare da wani ƙorafi ba, ita ma magana ce. Manhaja takan bar kuka kafin ta mutu. Wuta da faifai su ne ke yanke magana ba sallama.

Wuta, wadda aka fi rainawa

A kan Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar da ake yawan yin sabar gida da ita, daga nan ya kamata a fara. Pi 3 yana son amfiya 2.5, Pi 4 yana son amfiya 3 a kan bolt 5.1, Pi 5 kuma amfiya 5 in ana son cikakken ƙarfinsa. Cajar waya mai ɗauke da rubutun wat 30 ko 60 ba hujja ba ce: yawancinsu suna kai wannan adadin ne ta ɗaga bolt zuwa 9 ko 20, amma a bolt 5 abin da suke bayarwa ya yi ƙasa da wannan adadin sosai. Kebul ma yana da nasa laifin. Siririn kebul mai tsawon mita biyu yana cinye wani ɓangare na bolt a hanya, kuma asarar na ƙaruwa daidai lokacin da injin ya fi jan wuta. Shi ya sa abin yake kama da na gaibu: sai an yi dace faifai yana rubutu, firosesa tana aiki tuƙuru, sandar Zigbee ta USB mai magana da na'urorin gida tana aikawa, duk a daƙiƙa ɗaya, sannan bolt ya faɗi.

Pi yana riƙe lissafin wannan da kansa. Ka buga `vcgencmd get_throttled`. Amsar `0x0` lafiya ce. `0x50000` na nufin tun da aka kunna, bolt ya taɓa sauka ƙasa da kimanin 4.63 har injin ya rage gudu. `0x50005` na nufin yanzu haka ma abin yana faruwa. Lissafin yana komawa sifili duk lokacin da aka sake kunnawa, don haka ka duba bayan injin ya yi yini yana aiki. A rajista kuma ka nemi layin da ke cewa `Undervoltage detected`.

Akwai wani rufi da ba a cika lura da shi ba: duk ramukan USB na Pi 4 a haɗe amfiya 1.2 kawai suke bayarwa. A Pi 5 mai caja ta amfiya 3, rufin yana sauka zuwa 0.6. SSD da sandar Zigbee da ta Z-Wave kan iya haura wannan. Maganin shi ne mahaɗar USB mai cajarta daban.

Katin SD da faifai

Home Assistant yana rubuta kowane canjin yanayin na'urori a fayil ɗin `home-assistant_v2.db`, dare da rana. Katin SD na gama-gari ba a yi shi don irin wannan rubutu ba. Alamar gajiyarsa ita ce layuka masu `mmc0` ko `EXT4-fs error`, ko tsarin ya koma karatu kawai, ka canza saiti ka ga bai zauna ba. Katin da ya fara haka ba a gyara shi. Ka kwashe ajiya, wato kwafin bayananka, ka koma SSD. Ka kuma rage rubutun tun daga tushe: a sashen `recorder` na saitin Home Assistant ka cire na'urorin da ke aiko adadi kowace daƙiƙa, irin su ma'aunin wuta da ƙarfin sigina, in ba ka buƙatar tarihinsu.

SSD ta USB ma tana da tarkonta. Wasu akwatunan da ake sa SSD a ciki ba sa jituwa da UAS, tsarin aika bayanai ta USB, sai faifan ya ɓace ana tsaka da rubutu, rajista ta cika da `uas_eh_abort_handler`. Ka samo lambar akwatin da `lsusb`, ka ƙara `usb-storage.quirks=` da lambar da `:u` a ƙarshenta a cikin `cmdline.txt`, fayil ɗin saitin tayar da Pi. Gudu zai ɗan ragu, amma faifan zai daina ɓacewa.

RAM ta cika

In injin yana raye amma manhaja ta mutu, ka nemi `Out of memory: Killed process` a rajista. Mai amfani da Docker zai ga lambar fita 137, kuma `docker inspect` zai nuna ko `OOMKilled` gaskiya ne. Ka riƙa duba `free -h` sau ɗaya a rana. RAM da ke hawa kullum ba ta sauka alama ce ta wani ƙari da ke riƙe RAM ba ya saki, kuma faɗuwar takan zo bayan kusan adadin kwanaki iri ɗaya. Ka tayar da Home Assistant a yanayin kariya, wanda ke kashe haɗe-haɗen da ba na asali ba. In RAM ta daina hawa, ka riƙa mayar da haɗe-haɗen ɗaya bayan ɗaya. Kyamarori da manhajar gane fuska ko motsi sun fi ƙarfin injin mai gigabait 1 ko 2.

Zafi ba ya ɗaukar dogon bincike. `vcgencmd measure_temp` zai faɗa maka. Pi yana fara rage gudu a digiri 80, kuma da wuya zafi kaɗai ya kashe shi. Ƙaramar kwamfuta mai firosesar Intel ko AMD kuwa, ka bar memtest86+ ya kwana yana gwada RAM. Kuskure ko ɗaya ne ya isa a canza ta. Tsofaffin firosesa irin Celeron J1900 an san su da daskarewa a Linux idan suka shiga barci mai zurfi, kuma `intel_idle.max_cstate=1` a layin tayarwa ke tsayar da shi.

Ka rubuta rana da lokacin kowace faɗuwa a takarda. Home Assistant yana share tsohon tarihi kowane dare da ƙarfe 4:12, kuma aiki ne mai nauyi ga faifai da wuta. Faɗuwa uku da suka taru a wannan lokacin, ko a lokacin ajiyar dare, sun riga sun nuna maka inda za ka duba.

Canji ɗaya kawai za ka yi a lokaci guda, ka kuma jira aƙalla ninki biyu na tazarar da ta saba yi. Sabar da ke faɗuwa duk kwana huɗu, sai ta yi takwas a tsaye kafin ka ce caja ce. Kuma kada ka kunna mai gadin nan, wato watchdog, da ke sake tayar da injin da kansa idan ya daskare, sai bayan ka tabbatar rajista tana zama a faifai. In ba haka ba zai riƙa tayar da ita cikin dare, kai kuma ba ka ma san ta faɗi ba.