Rumfar jirgin ruwa mai buɗewa da lantarki: kurakuran da masu saye suka fi yi

Rana a kan ruwa ta fi ta tudu duka, domin ta dake ka daga sama, ruwan kuma ya maido maka ita daga ƙasa. Shi ya sa masu ƙananan jiragen shaƙatawa, daga tafkin Jabi a Abuja har Legas, ba sa wasa da rumfa. Yanzu ido ya koma kan wadda ake danna maɓalli ta buɗe da kanta, a sake dannawa ta naɗe. Iri biyu aka fi gani: mai ƙafafu da ke tashi ta kwanta, wadda 'yan kasuwa ke kira bimini, da wadda ke zarowa a kan bututu biyu daga ƙarƙashin rufin jirgi, irin ta SureShade ta Amurka. Da dala ake biyan su, kuma yawancin asarar tun kafin a ɗaura ake tafka ta.

Awo ne wurin tuntuɓe na farko. Mutum ya ga hoto a intanet, ya auna faɗin jirginsa a inda ya fi faɗi, ya tura kuɗi. Ai ba faɗin jirgi ake aunawa ba, tazarar da ke tsakanin wurare biyun da za a kafa ƙafafun rumfar ake nema. Ga wani abin da ba kowane dillali zai faɗa maka ba: da yawa daga cikin masu ƙafafun nan an ƙera su ne don jiragen fantun, wato masu shimfiɗaɗɗen dandamali a kan dogayen tankuna masu iyo, na tafkunan Amurka, masu faɗin ƙafa 8 zuwa 8 da rabi da shingen alminiyon a gefe. Jirgin faiba siriri ba shi da wannan shingen, dole a ƙera masa mazauni. Ka kuma duba inda rumfar za ta kwanta idan ta naɗe. Ɗaga injin baya har ƙarshe, ka ga ko murfinsa zai bugi ƙarfen, ka ga ko za ta toshe tsanin hawowa daga ruwa. In hanyarka tana bi ta ƙarƙashin gada, kamar ta Falomo, auna tsayin jirgin daga fuskar ruwa rumfa na tsaye, kana tuna cewa ruwan Legas yana hawa yana sauka.

Kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi shi ne raina iska. Buɗaɗɗiyar rumfa a jirgi mai gudu laima ce a hannun mai babur. Ƙarfin da iska ke danna ta da shi yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninku biyu. Jirgi na tafiyar kilomita 25 a awa, iska mai irin wannan gudun ta taso ta gaba, to rumfar tana jin 50 ne, nauyin da ke kan ƙafafunta ya ninka huɗu alhali direba bai ƙara wuta ba. Kamfanonin kirki suna rubuta iyakar gudun da kayansu ke jurewa a buɗe. Nemi wannan lambar kafin ka tambayi launi. In dillali ya ce maka "ai tana ɗaukar kowane gudu", to bai taɓa buɗe takardar ba. Wanda ya san guguwar da ke gabatar ruwan farkon damina ya san ba ta sallama, da ganin hadari ya haɗo daga gabas sai a naɗe. Haka idan za a ja jirgin a tirela: a naɗe, a sa mata rigarta, a ɗaure.

Iskar nan duk a kan mazaunin ƙafafu take saukewa, kuma nan masu ɗaurawa ke ha'inci. Sukurori huɗu a cikin faiba mai kaurin 'yan milimita ba su riƙe komai. Da farko za ka ga siraran tsaguwa sun fito kewaye da mazaunin, sannan ya fara motsi in ka girgiza shi, wata rana ya tumɓuke da ɓallin jirgin. Gyaransa kusa mai noti ce da ta ratsa har ciki, da faranti na ƙarfe a bayanta don ya raba nauyin, a kuma toshe ramin da gam na jirgin ruwa.

Sai wuta. Yawancinsu da batir mai bolt 12 suke aiki, kuma a wannan ƙaramin ƙarfin siririyar waya mai tsawo tana shanye wutar a hanya. Alamarta a fili take: injin rumfar yana kuka a kasalance, ƙafa ɗaya ta riga ɗaya tashi, yadin ya karkace. Sai a ɗora wa injin laifi, alhali wayar ce. A sa kaurin da kamfani ya rubuta, a kuma nemi wayar jirgin ruwa mai rufin kuza, don ta gida in ta sha danshi za ka fere ta ka tarar ta yi baƙi da kore. Fis kuma kusa da batir ake sa shi. Ƙa'idar ABYC, ƙungiyar tsara ƙa'idojin jiragen ruwa ta Amurka, ta ce kada nisansa da batir ya wuce inci 7. Na'urar karɓar saƙon rimot tana iya tsotsar batir a hankali ko jirgi na ajiye, don haka a sa makashin da ke yanke wuta gaba ɗaya. Tambaya ɗaya kuma kada ka bari ta wuce: in batir ya mutu rumfa na buɗe, yaya ake naɗe ta da hannu? Ka sa a nuna maka, kai ma ka gwada.

Batun ƙarfe ya danganta da ruwan da kake shiga. A Tiga ko Kainji, inda ruwan ba na gishiri ba ne, alminiyon mai kyau ya wadatar. A ruwan gishirin Legas kuwa a nemi ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, wanda ke ɗauke da molibdenum, sinadarin da ke ƙara masa juriyar gishiri, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Mai lamba 304 ya fi araha, kuma ido ba ya bambanta su, maganaɗisu ma haka, sai takarda. Inda sukurun irin wannan ƙarfe ya shiga alminiyon, gishiri kan sa wani farin gari ya taru har ya cije ya ƙi kwancewa, sai an shafa man da ke raba su tun wajen ɗauri.

A yadi, araha ba ta ado. Akirilik da aka rina tun yana zare, irin Sunbrella, shi ke jure ranarmu. Amma sau da yawa ɗinkin ne ke fara mutuwa yadi na nan garau, don haka a tambayi zaren; na PTFE, wani irin roba mai jure rana, ya fi na foliyesta daɗewa nesa ba kusa ba. Naɗe rumfa da jiƙonta fumfuna take jawowa. Lokacin hunturu kuma kada a loda wa bututun giris, ƙura za ta manne ta riƙa goge shi. Wanki da ruwa mai tsabta ya fi.

Abu biyu da suka shafi rai: kada rumfar ta rufe farar fitilar da ake son a hango daga kowane ɓangare da dare, kuma in an ƙara labule a gefe ana tafiya a hankali, hayaƙin inji kan dawo ya taru a ciki, alhali iskar kabon monoksaid mai kisa da ke cikinsa ba ta da wari ko launi.

A ganina, jirgin da bai wuce ƙafa 18 ba, rumfar hannu ta ishe shi, mutum ɗaya zai tashe ta cikin minti guda. Wanda ya dage sai mai lantarki, ya haɗa da ƙarin injin rumfa ɗaya da rimot a cikin odar farko, don mai walda zai iya miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe, amma injin da ya ƙone sai an jira wani daga waje.