Yadda za ka gane zamanin da aka yi tsohon ginin ƙasa

Mutane da yawa in sun ga ginin ƙasa mai zankwaye sai kawai su ce ai wannan na mutanen da ne, kamar duk rana ɗaya aka yi su. Alhali tsakanin Gidan Rumfa na Kano da gidan wani attajiri a Tudun Wadar Zariya mai hoton keke a bango akwai sama da shekara 400, kuma in ka san inda za ka duba ginin da kansa zai gaya maka.

Abu na farko kar ka yarda da bangon waje. Ginin ƙasa kullum cikin gyara yake, kafin damina a sake yaɓe, a shafa makuba ko laso, yanzu ma har siminti da fenti ake labta masa, to ka ga abin da idonka ke gani a waje wataƙila aikin bara ne. Ko Gidan Rumfa ɗin ma, wurin da tsarinsa ne na Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), amma soraye da yawa sarakunan baya ne suka sake su. Saboda haka ka shiga ciki, ka tsaya idonka ya saba da duhu, sannan ka ɗaga kai sama.

Tsofaffin na can baya ƙarfi suke nunawa, ado bai dame su ba. Dubi hasumiyar Gobarau a Katsina, wajen mita 15, gindi ƙato tana tsukewa tana hawa. Ko masallacin Agadas da aka fara a 1515 aka sake gina shi a 1844, hasumiyarsa mita 27, itatuwan nan da suka fiffito a jikinta su magina ke takawa in za su yi gyara. In ka ga bango mai kauri sosai a ƙasa, ƙofa ƙarama, taga kamar rami, to salon wancan zamanin ne ko da an taɓa shi daga baya.

Ni dai zamanin da ya fi burge ni shi ne bayan jihadi, ƙarni na 19, lokacin shahararren magini Babban Gwani Muhammadu Durugu, kuma a rufi ake gane shi. Matsalar magini ita ce azara, wato giginyar da aka tsaga, gara ba ta cin ta amma in tazara ta wuce kamar mita 2 aka ɗora mata nauyin ƙasa sai ta fara lanƙwasa. To ya za a yi a rufe ɗaki mai faɗi? Sai su dasa azara a cikin bango tun daga ƙasa, su ɗaura wata a kanta ta ɗan leƙo gaba, a ɗaure a yaɓe a bari ya bushe, a ƙara wata, haka daga bangon nan da wancan har su haɗu a tsakiya, shi ne bakan gizo. In aka gicciya su suka riƙe rufin ya tashi sama ya zama daurin guga. Kai abin da za ka yi shi ne ka ƙirga bakan gizo nawa ne a ɗakin, ka bi kowanne da ido daga gindinsa zuwa inda suka haɗu, ka lura ko an jera gutattakin azara a tsakaninsu kamar saƙar tabarma. Yawansu da tsayinsu shi ke nuna gwanintar magini da kuma aljihun mai gida.

In kana son ganin ƙarshen abin ka je masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim wajen shekarun 1830. Kar ka tsaya a waje ka ce ai na siminti ne, a shekarun 1970 aka kewaye tsohon da sabon gini, wani sashe nasa yana nan a ciki. Ka matsa kusa da ginshiƙan ka ga zanen, manya ne masu zurfi, da hannu aka murje su tun ƙasar tana ɗanye, ba wani hayaniyar launi. Wanda Zariya ta yi masa nisa akwai kwaikwayonsa a gidan tarihi na Jos, akwai kuma Gidan Madaki a Kafin Madaki ta jihar Bauchi, shi ma aikinsa ne.

Zamanin Turawa kuma shi ya fi sauƙin ganewa. Tagogi suka ƙara girma, gilashi da katako suka shigo, ka leƙa Gidan Ɗan Hausa a Kano za ka gani. Daga shekarun 1940 zuwa 1960 da kuɗin gyaɗa da auduga suka zauna, ado ya baro cikin soro ya fito ƙofar gida, a shafa siminti a karce shi da zanen dagi, takobi, agogo, keke, mota har jirgin sama. Yana da kyau ba laifi, amma wannan don mai wucewa aka yi shi, ya san Alhaji ya samu.

Wajen zuwa kuma ka zaɓi rani, da safe ko bayan la'asar, lokacin rana na bugun bango a kaikaice zane ya fi fitowa. A cikin duhun soro ka kunna tocilan ɗin wayarka ka riƙe ta gefe-gefe jikin bango, kar ka haska kai tsaye. Yawancin gidajen nan da mutane a ciki, ka yi sallama a zaure ka jira, ka nemi izini kafin hoto, kar ka doshi cikin gida, a fada kuma dogarai za ka fara gaisarwa. Ka riƙe ɗan na goro na wanda zai zagaya da kai, in an ce akwai tsohon magini a unguwar ka roƙi a kai ka wajensa ka tambaye shi wane soro ne ba a taɓa sauke rufinsa ba.