Kurakuran da muke yi wajen koya wa kare haƙuri

Ka ɗauko kwanon abinci, karen naka na ta tsalle yana haushi kamar zai haɗa da hannunka, kai kuma don ka huta sai ka dire masa. Toh kai da kanka ka koya masa cewa rawar kai ce ke kawo abinci. Abin yi shi ne ka riƙa sauke kwanon a hankali, da ya yunƙura ka ɗaga sama, ba tsawa ba duka, in ya zauna ka sake saukewa, har kwano ya taɓa ƙasa yana zaune, sannan ka ce "ci". Ƙofa ma haka, in ya zabura ka mayar ka rufe.

Wanda ya fi damuna shi ne yau a hana gobe a bari. Wallahi wannan ya fi rashin horon ma illa, domin karen da yake samun nasara jefi-jefi ya fi naci, ya gane in ya dage wata rana za a ba shi. Kuma ka sani lokacin da ka fara hana shi abin zai ƙaru tukuna, haushin ya fi na da, a nan ne mutane da yawa ke sarewa su ce ba ya aiki, alhali dab yake da dainawa. Sannan duk mutanen gida su bi doka ɗaya, ba kai ka hana shi tsalle a jikin mutane ba yara kuma suna shafa shi in ya yi.

Akwai jinkirin ba da tukwici. Ɗan naman nan ya shiga bakinsa cikin sakan 1 ko 2 da yin abin kirkin, in ka tsaya lalube a aljihu har ya miƙe to miƙewar ka saka wa.

Maimaita umarni ma kuskure ne, "zauna zauna zauna", sai ya ɗauka sai an faɗa sau uku. Faɗi sau ɗaya ka jira.

Sai gaggawa irin tamu. Ya iya jira na sakan 5 a ɗaki shiru, washegari an kai shi bakin titi ana so ya yi haka cikin mutane da wasu karnuka, ina zai iya? Ƙara abu ɗaya a lokaci guda, ko tsawon jiran, ko nisanka da shi, ko hayaniyar wurin. Tirenin ɗin ma minti 3 zuwa 5 ya isa, sau biyu ko uku a rana, bayan ya ɗan zagaya ya rage zumuɗi.

Kuma dan Allah a daina dukan ɗan kwikwiyo don ya kasa jira. Daga wajen wata 6 zuwa shekara ɗaya da rabi suna cikin tashen balaga, sai ka ga kamar ya manta komai, ka koma da shi matakin da ya iya ku sake hawowa a hankali.